Girin kad ɗinka ya kusa mutuwa kana gida? Ga yadda ake lissafin da abin da za ka yi

Duk lokacin da azumi ya gabato ko aka fara haramar aikin Hajji sai wayata ta fara ƙara, kuma tambayar kusan ɗaya ce kullum. Wannan ya ce ya zo Kano jinyar tsohuwa wata takwas ke nan, girin kad ɗinsa kuma, wato katin zama na dindindin a Amurka, saura wata biyu ya mutu, shin shike nan an raba shi da Amurka? Wancan ya ce maiɗakinsa ta je Maraɗi wankan jego ta zarce, yanzu shekara ɗaya da wata uku, za su bar ta ta shigo kuwa? Na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Ni dai ba lauya ba ne, mai yawan raka mutane cike fom ne kawai, kuma akwai wuraren da zan ce maka nan kam sai lauya, in na faɗa to da gaske nake.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai: kati daban, izinin zama daban. Kamar aure ne da takardar aure. Takarda ta tsufa ko ta yage ba shi ne aure ya mutu ba. Amma mutum zai iya riƙe takarda sabuwa fil a aljihu alhali ya yi shekara uku bai leƙa gidan ba, ba cefane ba aike, ka ga wannan in aka je gaban alƙali takardar ba za ta cece shi ba. To haka girin kad yake. Kwanan watan da ke jikin katin shi ne ƙaramar matsalarka, babbar ita ce ina kake zaune da gaske, kuma me za ka nuna.

Mataki na farko: ɗauko katin ka duba wane iri ne

Iri biyu ne. Akwai mai shekara 10, akwai mai shekara 2. Mai shekara 10 in ya mutu katin ne kawai ya mutu, kai har yanzu mazaunin dindindin ne, sabuntawa kawai za ka yi da fom I-90. Mai shekara 2 kuwa, wanda aka fi ba waɗanda suka samu ta hanyar auren da bai kai shekara biyu ba lokacin da aka amince musu, wannan mai sharaɗi ne, kuma shi in ya mutu ba ka yi komai ba to izinin zaman ma ya tafi tare da shi. Ba I-90 ake cika masa ba, I-751 ne, kuma a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya mutu ake turawa. In ka tura za su aiko maka da rasit wanda yake ƙara wa katin wata 48. Don Allah mai irin wannan katin kada ya je gida ya shantake, duk sauƙin da zan ambata a ƙasa game da mataccen kati ba da shi nake ba sai in yana da wannan rasit ɗin a hannu.

Mataki na biyu: ƙirga kwanakinka, da kalanda ba da ka ba

Nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Ka buɗe fasfo ko tsohon tikitinka a imel ka nemo ainihin ranar da ka bar Amurka, ba ranar da ka sauka Abuja ko Yamai ko Akara ba. Daga nan akwai layi biyu da za ka riƙe, kwana 180 da kuma shekara ɗaya.

In ba ka kai kwana 180 ba, yawanci shiga za ka yi kamar wanda ya dawo daga kasuwa. In ka wuce 180 amma ba ka cika shekara ba, katinka yana aiki, sai dai a doka ana kallonka a matsayin mai neman izinin shiga sabo, jami'in CBP, wato hukumar kwastam da tsaron iyakar Amurka, da ke filin jirgi yana da damar ya tsitsiye ka, me ya kai ka, me ya zaunar da kai, ina aikinka, ina gidanka. In kuwa ka cika shekara ɗaya cur a waje ba tare da takardar izinin komowa ba, wadda zan yi bayaninta a mataki na uku, to katin nan ko saura shekara bakwai ya mutu ya daina zama takardar shiga a karan kansa. Misali wanda ya tashi 10 ga Janairu, kwana 180 ɗinsa za su cika wajen 9 ga Yuli, ka ga ba wani dogon lokaci ba ne, biki ɗaya da rasuwa ɗaya da ginin da bai ƙare ba sun isa su cinye shi.

Sannan a kula da lissafin watan Musulunci. Shekararmu kwana 354 ce, tasu 365. Wanda ya taho a farkon azumi ya ce ai sai na sake yin wani azumin a gida in yi ƙaramar salla sannan in koma, wannan ya kai kwana 384 ko kusa da haka, ya tsallake layin bai sani ba. Su ba ruwansu da ganin wata.

Akwai kuma wata tatsuniya da ta zaga ko'ina, daga Buronkis ta New York har Zongo, wai in dai kana leƙawa sau ɗaya duk wata shida ko duk shekara to ka tsira. Ba gaskiya ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1975 hukumar ɗaukaka ƙara ta shari'o'in shige da fice ta yanke hukunci a kan wata mata 'yar Jamaika da take zama a ƙasarta wata 11 a shekara tana kula da gidan hayarta, ta shigo Amurka ta yi wata ɗaya ta juya, aka ce wannan ta riga ta bar zamanta, ziyara kawai take kawowa. Jami'in yana ganin duk shigarka da fitarka a kwamfutarsa. Wata biyar a Kaduna, sati biyu a Amurka, wata biyar a Kaduna, sati biyu a Amurka, ko kai ne a kujerar ai ka san inda mutumin nan yake zaune.

Mataki na uku: in har yanzu kana Amurka ba ka tashi ba

Kai ne mai sa'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu biyu ne a gabanka.

Na ɗaya sabunta katin. Ana iya tura I-90 tun saura wata shida katin ya mutu. Ka buɗe akawun a shafin USCIS, hukumar da ke ba da katin, da kanka, da imel ɗinka, kada ka bari mai shagon cike fom ya buɗe da nasa ya riƙe lambar sirri, na ga yadda hakan yake ƙarewa in an ɓata. Ka ɗauki hoton katin gaba da baya ka ɗora, ka biya. A tsarin kuɗin da ya fara aiki 1 ga Afrilu 2024 dala 415 ne ta intanet, dala 465 ta takarda, amma ka sake duba shafin ranar da za ka biya don in kuɗi bai yi daidai ba dawo maka da fom ɗin suke yi. Bayan nan rasit zai zo, takardar I-797, kuma tun Satumba 2024 wannan rasit yana ƙara wa tsohon katin wata 36. Wato tsohon kati haɗe da asalin rasit, ba fotokwafi ba, sun ishe ka aiki da tafiya. In tafiyar ta gaggawa ce kuma katin ya ɓata gaba ɗaya, ka kira USCIS ka nemi a buga maka hatimin I-551 na wucin gadi, wanda yake tsayawa a madadin katin. Sannan su ba sa aika kati ƙasar waje, adireshin Amurka suke aikawa, don haka adireshinka ya zama na gaskiya wanda wani amintacce yake buɗe akwatin wasiƙa. In ka canja adireshi a Amurka doka ta ce ka sanar da su a cikin kwana 10, fom AR-11, kyauta ne, minti biyar.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, takardar izinin komowa, wadda 'yan can suke kira ri'entiri famit, fom I-131. In ka san tafiyar nan za ta iya kai shekara, ko ma kana shakka, jinyar iyaye ce wadda ba ka san ranar ƙarewarta ba, ko rabon gado ne da aka shiga kotu, ko karatu, to nemi wannan kafin ka tashi. Wani ɗan littafi ne kamar fasfo, yana ɗaukar har shekara 2 daga ranar da aka buga shi. Kuɗinsa a wancan tsarin na 2024 dala 630 ne. Sharaɗin da ba a ɗaga ƙafa a kai shi ne dole ƙafarka tana cikin Amurka ranar da fom ɗin ya isa hannunsu, ba za ka zauna a Zariya ka sa ƙaninka ya tura maka ba, za su gani su ƙi, kuɗinka ya tafi. Sannan za su kira ka ɗaukar hoto da zanen yatsu, shi ma a Amurka ake yi, in ka tsallake shi suna iya watsar da takardar. Bayan an ɗauki yatsun ba sai ka jira littafin ya fito ba, kana iya tafiya, kuma a cikin fom ɗin akwai inda za ka ce a aika maka shi ofishin jakadancinsu na ƙasar da za ka. Saboda haka kada ka yanki tikiti na sati mai zuwa sannan ka tuna da shi, ba shi 'yan watanni.

Ba a tsawaita shi. In ya ƙare sai ka dawo ka nemi sabo, kuma wanda ya yi fiye da shekara 4 a waje cikin shekara 5 na baya, na shekara ɗaya kawai za su ba shi. Kuma ba laya ba ce. Amfaninsa shi ne ba za a ce ka bar zamanka saboda tsawon lokaci kaɗai ba, amma in ka sayar da komai ka kwashe iyali ka karɓi kujerar dindindin a gida, littafin ba zai rufe wannan ba.

In an taɓa kama ka, ko da ƙaramin abu ne, ko da an ce an kori ƙarar, faɗan gida ne ko wiwi ko ɗaukar kaya a shago, nan ne wuri na farko da zan ce sai lauya, kafin I-90 kuma kafin tikiti. Wiwi ɗin nan musamman, jihohi da yawa sun halatta amma dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma shige da fice na tarayya ne.

Mataki na huɗu: ka bar igiyarka a ɗaure a can

Ko da littafi ko babu, abin da za a duba ranar dawowa shi ne shin tafiyar nan tana da ranar ƙarewa, kuma shin ka bar rayuwarka a can tana jiranka. Niyya a zuciya take, su kuma takarda suke karantawa.

Haraji shi ne kan gaba. Mai girin kad yana cike takardar haraji duk shekara a matsayin mazauni, fom 1040, kuma duk abin da ya samu a duniya ake faɗa, har kuɗin hayar shagunanka na Sabon Gari. Kuskuren da yake kashe mutane shi ne wani mai lissafi ya ce ai tunda ba ka ƙasar bari a cika maka 1040-NR na waɗanda ba mazauna ba, harajin ya fi sauƙi. Ka sa hannu a wannan kamar ka rubuta da hannunka ne cewa ni ba mazaunin Amurka ba ne, kuma da shi za a kafa maka hujja. Sannan in kuɗin da ke akawun ɗinka na wajen Amurka, duka a haɗe, na naira da na sefa da na dala, suka haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne a shekara, akwai rahoton FBAR da ake turawa, ba biya ake ba, sanarwa ce.

Bayan haraji sai sauran: akawun ɗin banki ya ci gaba da motsi, lasisin tuƙi kada ya mutu, gida ko haya da sunanka in da hali, in ba hali ko ɗakin ajiyar kaya da rasit ɗinsa, layin wayarka, inshorar mota, wasiƙar wurin aiki da ta ce hutu ka ɗauka za ka dawo. A ɓangaren gida kuma ka tara hujjar abin da ya riƙe ka tun yana faruwa, takardun asibiti masu kwanan wata da hatimi, takardar shaidar rasuwa, takardun kotu. Mu ba mu da al'adar ajiye takarda, an sallami mara lafiya an yi hamdala an watsar da katin asibitin, to wannan karon a samu leda a zuba. Wadda aka rubuta da Hausa ko Faransanci ko Larabci a fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu.

Mataki na biyar: kana gida, ba ka cika shekara ba, kati ya mutu ko ya ɓata

Idan mai shekara 10 ne ya mutu kuma ba ka cika shekara a waje ba, ƙa'idar CBP ta yarda kamfanin jirgi ya ɗauke ka da mataccen katin. Matsalar ita ce yaron da ke kan kanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ko Legas ba lallai ya san da wannan ba, shi dai ya ga kwanan wata ya wuce kuma yana tsoron a ci kamfaninsa tara. Saboda haka ka tuntuɓi kamfanin tun kafin ka sayi tikiti, ka samu amsarsu a rubuce, ka buga shafin USCIS na fom I-131A inda aka yi bayanin wannan ka riƙe, ka je filin jirgi da wuri sosai, in an tsaya gardama ka nemi a kira shugabansu cikin lalama. Ka shiga Amurka, washegari ka tura I-90. Kada ka ce za ka zauna a gida ka sabunta daga nan ka jira a kawo maka sabon katin a jakar wani, ranar ɗaukar yatsu za ta zo ba ka nan, kuma kwanakinka suna ta tafiya.

Idan kuwa ɓata ya yi, ko aka sace, ko ya lalace, to I-131A ɗin za ka cika, ka biya ta intanet, dala 575 ne, sannan ka je ofishin jakadancin Amurka da kanka da fasfo da hujjar ranar da ka fito da rahoton 'yan sanda in sata ce. Za su manna maka wata takarda a fasfo wadda jirgi zai ɗauke ka da ita, kwanakinta kaɗan ne, yawanci 30, don haka ka shirya tafiya kafin ka karɓa. Wannan na wanda bai cika shekara ba ne, ko mai littafin komowa da ya ɓata bai cika shekara biyu ba.

Abu ɗaya da ba za ka yi ba ko an ba ka shawara: kada ka je neman bizar ziyara wai don ka shiga da ita ka gyara daga ciki. Mai neman bizar ziyara rantsuwa yake cewa gidansa yana wajen Amurka. Ka ga ka yanka kanka da wuƙarka.

Mataki na shida: ka riga ka wuce shekara, ba littafi

To nan ne wuri na biyu da zan ce sai lauya, don hanya biyu ce kuma kowacce da ƙayarta.

Hanya ta farko bizar mazaunin da zai koma, SB-1. Ana cika fom DS-117 a kai ofishin jakadanci, kuɗin dubawa dala 180, a Najeriya ƙaramin ofishinsu na Legas ne yake harkar bizar zama ba Abuja ba. 'Yan Sudan kuma ofishin Khartum a rufe yake tun Afrilu 2023, sai a wata ƙasa. Abu uku za ka gamsar da jami'in: kana da izinin zama lokacin da ka fita, ka fita da niyyar dawowa kuma ba ka taɓa sauya niyyar ba, sannan abin da ya riƙe ka ya fi ƙarfinka. Wannan na ukun shi ne dutsen. Ciwon da likita ya hana ka hawa jirgi, yaƙi, rufe iyaka, irin waɗannan ake nufi. Kasuwa ce ta buɗe, ko gini nake, ko Baba ya ce in tsaya in yi aure, duk a wurinsu zaɓinka ne. In sun amince ba shike nan ba, za ka sake bin layin bizar zama, gwajin asibiti da wani kuɗin da wata ganawar. In sun ƙi babu ɗaukaka ƙara, kuma ƙin yana nan a rubuce duk jami'in da ya buɗe fayil ɗinka zai gani.

Hanya ta biyu, wanda katinsa bai mutu ba ya hau jirgi ya je ya yi bayaninsa a bakin ƙofa. Dalilin da ya sa lauyoyi da yawa suke duba wannan shi ne jami'in jakadanci shi kaɗai yake yanke hukunci a tagarsa, amma a cikin Amurka alƙalin shige da fice ne kaɗai zai iya raba ka da izinin zamanka, kuma gwamnati ce za ta kawo hujja bayyananniya cewa ka bari. Jami'in filin jirgi yana iya yafe maka ta fom I-193 ya bar ka ka shiga, yana iya kuma ba ka takardar gurfana gaban alƙali, kuma yana iya tsare mutum musamman mai tarihin laifi. Wace hanya ta fi, ya danganta da tsawon zamanka da ƙarfin ledar takardunka, wanda ya yi wata 14 yana jinya ba ɗaya yake da wanda ya yi shekara 6 yana siyasa ba.

Kuma a san zamanin da ake ciki. Tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga cacar biza, ka rasa wannan ba wata caca da za ka sake shiga. A Yunin 2025 aka fito da dokar taƙaita shiga da ta haɗa da Chadi da Sudan, a Disamba aka faɗaɗa Nijar da Najeriya suka shiga. Masu girin kad an ware su daga dokar, amma duk wanda zai koma layin neman sabuwar biza to ya shiga inda ƙofar ta ƙuntata. Da can tsofaffin da 'ya'yansu suka yi musu kati suka kasa jure sanyi da kaɗaici, shawarar da ake ba su ita ce su miƙa katin su koma bizar ziyara, yanzu kam ni ba zan ce a yi gaggawar wannan ba.

Mataki na bakwai: ranar sauka

Tun wajen sayen tikiti, mai doguwar tafiya ya guji bi ta Abu Dhabi ko Dublin, don a can jami'an Amurka suke tantance mutum kafin ya hau jirgi, in aka samu matsala kana ƙasar wasu ne ba ka taka Amurka ba balle a yi zancen alƙali. Kuma tikitin ya zama na komawa gida ne, wato ya ƙare a Amurka, ba wanda ya nuna za ka juyo Kano bayan kwana goma ba.

Takardunka a jakar hannu, ba cikin akwatin kilishi da daddawa ba. In an tambaye ka tsawon zamanka faɗi gaskiya da kwanan wata, ya riga ya gani, gwada ka yake. Amsa gajeriya, dalili ɗaya, takarda a hannu. In an ce ka bi wani jami'i zuwa ɗaki na biyu kada hankalinka ya tashi, zama ne na awa ɗaya ko uku, ba a barin waya, kuma lauya ba ya shiga wurin. In Turancin ya yi maka nauyi ka ce a nemo tafinta, Hajiya musamman kada ta yi ta gyaɗa kai don kunya.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Za su iya turo maka wata takarda, I-407, su ce sa hannu kawai ka huta, za mu bar ka ka shiga a matsayin baƙo. Wannan takardar miƙa izinin zama ce da yardarka, kuma ba dole ba ce, ita kanta takardar ta faɗi haka. Gajiyar awa goma sha biyar a jirgi da kaki da tsawa suna sa mutum ya sa hannu a abin da zai yi shekaru yana cizon yatsa. Cikin ladabi ka ce ba ka bar zamanka ba, ba za ka sa hannu ba, kana so alƙali ya duba. Suna iya karɓe katin su ba ka takardar shaida ta wucin gadi da ranar kotu, amma kana nan a mazauninka har sai alƙali ya yanke. Ranar kotun nan kuwa ko ana ruwan ƙanƙara ka je, rashin zuwa shi ne a yanke hukuncin kora a bayanka.

Maganar yara da ƙarin aure

'Yar'uwa mai girin kad da ta zo gida ta haihu, jaririn yana iya shiga ba tare da biza ba a yi masa rajistar zama a filin jirgi, da sharaɗin bai kai shekara 2 ba kuma yana tare da ke a komawarki ta farko bayan haihuwar. Kin ji, ta farko. In kika bar shi wurin kaka kika koma kika sake dawowa ɗaukarsa, wannan damar ta wuce sai dogon layi. Ki tanadi fasfonsa da takardar haihuwa mai sunan uwa da uba, ki tuntuɓi ofishin jakadanci da kamfanin jirgi tun da wuri. In uban ɗan ƙasar Amurka ne kuwa hanyar daban ce, rajistar haihuwar ɗan ƙasa a waje za a nema.

Yaran da ake kawowa gida makarantar allo ko ta kwana don su samu tarbiyya, niyya ce mai kyau, amma in girin kad gare su ba fasfon Amurka ba lissafin kwanakin nan yana hawa kansu su ma, a nema musu littafin komowa. Kuma iyaye in suka bar nasu zaman ana ɗaukar na ƙananan 'ya'yan da ke hannunsu ya tafi tare.

Alhaji kuma da ya zo hutu aka yi masa tayin ta biyu, dokar shige da ficen Amurka tana hana mai auren mace fiye da ɗaya a lokaci guda shiga ya zauna, tambayar tana cikin fom ɗin zama ɗan ƙasa ƙarara, kuma ɗaurin auren masallaci ma aure ne a wurin wannan tambayar. Ban ce komai a kan halacci ba, na dai faɗa maka abin da ke cikin fom ɗin.

Bayan ka shiga

Ka zauna. Ba wai sati uku ba, ka kama aiki, ka sabunta kati da lasisi, ka biya harajin da ya taru, ka bar kwanakin ciki su rinjayi na waje. Jami'i in ya yi maka kashedi ya rubuta a fasfo ko a kwamfuta, na gaba zai gani.

Wanda kuma ya san rayuwarsa tsakanin ƙasa biyu take, maganin dindindin shi ne fom N-400 na neman zama ɗan ƙasar Amurka, don ɗan ƙasa ko shekara ashirin ya yi a Katsina ba mai tambayarsa. Ana nema bayan shekara 5 da kati, ko 3 ga mai aure da ɗan ƙasa, kuma a cikin biyar ɗin sai ka yi aƙalla wata 30 da ƙafarka a ciki, a cikin ukun wata 18. Tafiya ɗaya da ta wuce wata shida ana ɗauka ta katse maka lissafi sai ka kawo hujjar akasin haka, wadda ta kai shekara kuwa ta katse kai tsaye ko da littafin komowa a hannunka, littafin kati yake karewa ba lissafin zama ɗan ƙasa ba. Irin wannan, in mai lissafin shekara biyar ne, sai ya jira aƙalla shekara 4 da kwana 1 daga ranar da ya dawo, masu hankali ma suna ƙarawa zuwa huɗu da rabi don kauce wa gardama. Ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa koren fasfonsa don ya karɓi na Amurka, Ghana ma haka, Kamaru ce ba ta yarda da biyu ba. Fom ɗin zai tambaye ka duk tafiyar da ka yi da ranar fita da ranar shiga, don haka tun yau ka buɗe shafi ɗaya a wayarka ka fara rubuta su, kuma tsohon fasfon da ya cika kada a ba yara su yi wasa da shi, ranar ganawa ana cewa a zo da shi.